Dalilin da Muke Fara Huɗa a Gonar Baba Nomau

A cikinku babu wanda bai taɓa yi mini ƙorafi a kan wannan al'amari ba. Kowace shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka ƙasa ta jiƙa, sai in ce a ɗaura wa shanu karkiya, a wuce tamu gonar tana kallonmu, a tsallaka rafi a fara huɗa a gonar gidan Baba Nomau. Kai Lawal ka fi kowa cika baki da iska a wannan rana. Ka sha tambayata ko danginmu ne su, ni kuwa in ce maka ka ja igiya ka rufe mini baki. To yau zan ba ka amsa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne zuwan da Hadiza ta yi da sallah, tana ta ba mu labarin aikinta na lauya, wai suna neman a gyara doka yadda wanda ya gama zaman gidan yari ba za a ci gaba da bin sa da tambarin laifinsa duk inda ya je neman abinci ba. Tana maganar tana kallon kowa a tsakar gida, ban da ni. A nan na gane kun daɗe da jin labarina a bakin mutane. Gara ku ji shi a bakin mai shi.

A ƙuruciyata ni ne mai horon shanun huɗa a yankinmu, tun daga ƙauyukan Kafur har zuwa bakin hanyar Malumfashi. Ba yabon kai ba, in ka kawo mini ɗan bijimin da ya gagari gidanku, kafin wata biyu za ka ga yana tafiya a kan kunya kamar an ja masa zare. Al'adar aikin ita ce mai sa ya kawo sansa gidan mai horo ya bar shi can, ya ci a hannunsa ya kwana a turkensa, har sai ya karɓi karkiya. Wato dai mutum ya ɗauki rabin arzikinsa ya ɗaure a ƙofar gidanka ya juya ya tafi. Ni nake huda musu hanci in zura igiya, kuma ina da wani ƙulli nawa da ba wanda ya iya shi. Ina kuma da fito na kiran shanu, gajeru biyu sannan dogo ɗaya. Mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa fito kiran shaiɗan ne, amma duk san da ya taso a hannuna, ko daga ina ya ji wannan fito sai ya ɗaga kai ya nufo ni.

Baba Nomau Bamaguje ne, abokin mahaifina tun suna samari. Dogon tsoho ne mai ƙarancin magana, wanda tafin hannunsa ya yi kanta saboda riƙon fartanya. Bai taɓa bin mu masallaci ba, bai kuma bi babban ɗansa Bitrus coci ba, yana nan a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. Amma ko liman ɗinmu, in ana gardamar iyakar gona, cewa yake a kira Nomau, don an san ba ya ƙarya. Yana da shanun huɗa biyu, Goje da Danda, kuma ni na hore su tun suna 'yan maruƙa. Goje na dama, Danda na hagu. Sun saba da juna har in ɗaya bai sha ruwa ba ɗayan ba zai sa baki ba.

Kada wani ya gaya muku yunwa ce ta sa ni. Rumbunmu da hatsi a shekarar. Babur nake so, don na ga sa'o'ina suna hawa suna ɗaukar fasinja zuwa Funtua, 'yan mata na kallonsu, ni kuwa kullum ina warin kashin shanu. Wata ranar kasuwar Kafur, da rana tsaka, gari ya watse, na bi ta fadama inda shanun Baba suke kiwo. Ban ma matsa kusa ba. Na tsaya a bayan wata ɗorawa na yi fitona, sai duka biyun suka ɗaga kai suka taho da saurinsu, suna murnar ganina. Ɗaya nake iya kora. Na kama igiyar Goje, Danda ya biyo mu. Na kore shi ya dawo, na sake korarsa ya sake dawowa. Sai na sunkuya na ɗauki dutse na jefe shi a fuska. Ya tsaya cak yana kallona, jini na bin gefen idonsa. Na ga abubuwa da yawa a gidan yari da na manta, amma wannan kallo ban manta da shi ba.

Na kai Goje wata kasuwa mai nisa na sayar, a ranar aka loda shi a motar kudu. Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni ko rana goma ban samu ba. Dillalin ya kwance igiyar hancin ya rataye a rumfarsa, Bitrus kuwa yana ta bin kasuwanni yana cigiya, da ya ga ƙullin bai ko tambayi sunan wanda ya kawo san ba. Alƙali ya ba ni shekara uku. Damina na bakin ƙofa a lokacin, sa guda kuma ba ya jan garma. Na ji daga baya cewa a shekarar Baba da fartanya ya yi noma, da tsufansa, rabin gonar kuma ta kwana ba shuka. Sau biyu suna nemo wa Danda abokin karkiya, yana ƙi. Da an ɗora masa itacen a wuya sai ya kwanta.

Na fito a bazara. Mahaifiyarku Talatu ta riƙe gida da tuyar ƙuli-ƙuli, kai Lawal kana da shekara biyar, Hadiza kuwa da ta gan ni sai ta ɓuya a bayan zanin uwarta don ba ta san ni ba. Na ɗauka in ƙofar ƙarfen nan ta rufe a bayana shi ke nan na gama. Ashe da sauran aiki. Ba wanda ya zage ni a garinmu, ana gaishe ni, ana yi mini barka da dawowa. Amma in na shiga masallaci sai in ga mutum ya jawo takalminsa kusa da shi. In na bi ta ƙofar gida sai mai gidan ya tashi kamar zai miƙe ƙafa, ya je ya duba turken dabbobinsa. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na je Funtua neman aikin gadi a wani wurin gurzar auduga, aka miƙo mini takarda, a cikinta akwai tambayar ko kotu ta taɓa ɗaure ni. Na ce a rubuta e. Akawun ya ajiye biro ya dube ni da tausayi.

"Malam, aikin gadi fa kake nema. Ka je dai, za mu neme ka."

Har yau suna nemana. Na gwada wuri na biyu da na uku, tambayar dai tana nan tana jirana a kan takarda. Aikin da na iya kuwa, wa zai ɗaure sansa a ƙofar gidana? Sai na yanke shawarar in bi motar masara in tafi kudu in yi dako, inda ba wanda ya san ni, kuma a raina na san in na tafi ba zan dawo ba. Na haɗa 'yan tufafina a buhu. Talatu tana zaune tana murza ƙuli, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, shekara uku ana ce wa yaran nan 'ya'yan ɓarawo, na daure. In ka tafi za a ce musu 'ya'yan ɓarawon da ya gudu. Wannan kam ban san ko zan iya ba."

Ban kwance buhun ba. Saura kwana biyu motar ta tashi, da hantsi, na ji hayaniya a waje. Na leƙa sai ga Baba Nomau. Bai biyo ta bayan gari ba, ta tsakiyar gari ya ratso, ta gaban masallaci da rumfar mahauta, yana jan shanu biyu. Ɗaya wani ɗan bijimi ne ja da ban sani ba, ɗayan kuwa Danda ne, ya tsufa, ga tabon dutsena a gefen idonsa. Jama'a na biye da shi, Bitrus na gefensa yana magana yana yarfa hannu. Tun fitowata nake kauce wa hanyar tsohon nan. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya wuce ni kamar jiya muka rabu, ya je tsohon turkena da gara ta fara ci, ya jijjiga shi da ƙafa ya ga yana da sauran ƙarfi, ya ɗaure shanun.

"Sale, ga wannan ɗan jan, ko karkiya bai taɓa gani ba. Ga kuma tsohon abokinka da ya ƙi kowa. Ina son su a gona ran da ruwa ya sauka."

Bitrus ya ce, "Haba Baba! Kura za ka ba ajiyar nama? Shekara uku muna tara abin sayen san nan. Ni na yafe mashi, Allah ya sani, a coci ma na faɗa. Amma yafiya daban, wauta daban."

Ni ma na samu bakina ya buɗe. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka kwashe shanunka. Bitrus ya yi gaskiya. In wani abu ya same su a nan, ko ba ni ba ne, ni ne."

Tsohon ya ciro ɗan ƙahon tabarsa ya shaƙa, ya yi atishawa, ya share hanci, duk muna jira. Sannan ya juya wajen ɗansa, amma da muryar da kowa zai ji.

"Bitrus, kai ka je kotun, ni ban je ba. Shekara nawa alƙali ya ce?"

"Uku, Baba."

"To ni ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga damina. Na ƙirga ɗaya, na ƙirga biyu, na ƙirga uku. Ko akwai saura da ba a gaya mini ba?"

Ya dubi mai unguwa, ya dubi liman, ya dubi mahauta, yana jiran mai amsa.

"In akwai saura a faɗa mini ko nawa ne, in koma da shanuna in jira. In kuwa babu, san nawa ne aka ɗauka, ba na wani ba."

Ya saɓa sandarsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba. Na daɗe a durƙushe a wurin. Ni dai na yi karatun allo, na ji wa'azi iri-iri a kan yafiya, amma ban taɓa ganin ta da ƙafafu huɗu a ɗaure a ƙofar gidana ba sai ranar. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ke kama mutum in ya tsaya a bakin babban kogi. Motar masara ta tashi ba ni.

Ɗan jan bai ba ni wahala ba. Na huda masa hanci, na fara sa shi jan gungume, kafin sati uku ya san dama da hagu. Danda ne matsalar. In na kawo masa dusa sai ya juya mini baya, sai Talatu ta ajiye masa sannan ya ci. In na taɓa wuyansa fatarsa ta riƙa rawa. Ni kuma akwai abin da na ɓoye wa kowa. A gidan yari na yi wa kaina alkawari cewa bakina ba zai sake yin fiton nan ba har in mutu, tun da da shi na yi sata. Don haka da igiya da tsawa kawai nake aiki, kamar kowane manomi. Danda yakan yarda in ɗora masa karkiya a gida, ya yi taku biyar ko shida, sai ya tsaya yana kallon gefe. Ina ta gaya wa kaina zai saki jiki. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas, kuma na san in san nan ya ƙi, na kashe wa tsohon damina a karo na biyu.

Ruwa ya sauka wata ranar Laraba, mai yawa. Washegari da safe na kora shanun zuwa hayin rafi, ina saɓe da garma. Ranar kowa ya kamata ya kasance a tasa gonar, amma sai ga mutane jere a kan iyaka, wai wucewa suke yi. Baba yana zaune a gindin kaɗanya. Na ɗaura karkiya, na sa ɗan jan a dama a gurbin Goje, Danda a hagunsa na da, Bitrus ya riƙe garma fuskarsa a ɗaure. Na ja igiya na daka tsawa. Ɗan jan ya yunƙura. Danda ya dubi gonar, ya dube ni, sai ya lanƙwashe gwiwa ya kwanta a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya karkato da karkiyar har ɗan jan ya kusa faɗuwa.

Wani ya yi dariya a kan iyaka. Wani ya ce a murɗe masa wutsiya, wani ya ce a hura masa hayaƙi a hanci. Na ja, na roƙa, na tura, gumi ya jiƙa mini riga, sa ko kunne bai kaɗa ba. Bitrus ya saki garma ya riƙe ƙugu. Sai na ji muryar Baba daga gindin kaɗanya.

"Sale, me ya samu bakinka?"

"Ba komai, Baba."

"Wata biyu ina aiko yara su saurara mini, an ce ba a ji fitonka ba ko sau ɗaya. Kira shi yadda ka saba."

Na matsa kusa da shi don kada mutane su ji. Na ce, "Baba, da fiton nan na raba shi da ɗan'uwansa. Ya amsa kirana na jefe shi da dutse. Na rantse ba zan sake yi ba."

"Na sani," in ji shi. "Tun ran da na ga ba a ja Goje da ƙarfi ba na san kiran sa aka yi. To da shi ka ɗauke, da me kake so ka mayar? Ni saboda fiton na kawo maka shanuna. In tsawa ce ai Bitrus ma ya iya."

Na koma gaban shanun. Leɓɓana sun bushe, na yi na farko iska kawai ta fita. Na lashe baki na rufe ido, na yi gajeru biyu, na ja dogon. Duk wanda ke wurin ya san wannan sauti, ya kuma san abin da na aikata da shi. Da na buɗe ido Danda ya ɗaga kai, kunnuwansa a tsaye. Ya daɗe yana kallona da idon nan mai tabo. Ban san abin da dabba ke tunawa ba, ban san abin da take mantawa ba, Allah kaɗai ya sani. Na dai ga ya tattara ƙafafun baya, ya yi nishi, ya miƙe, taɓo na zuba daga cikinsa. Ya miƙo wuya ya sa danshin hancinsa a tafin hannuna, hannun da ya jefe shi. Sannan ya jingina kafaɗa da karkiya, garma ta shiga ƙasa.

Bitrus ya yi wuf ya cafke garmar. Na shiga gaba ina tafiya ina kuka, ba na ko ganin inda nake sa ƙafa, shanun ne ma suka san hanya. Da muka kai ƙarshen gona muka juyo, na ga kunyar ta miƙe sambal, baƙar ƙasa ta kife tana tururi. Liman na kan iyaka yana ta faɗin "Allahu akbar" a gonar Bamaguje, bai ma san yana yi ba. Sai a kunya ta goma Bitrus ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba:

"Ka rage sauri, malam, ɗan jan bai saba ba."

Da azahar muka gama. Na je na durƙusa gaban Baba zan fara jero ban haƙurin da na shekara uku ina shiryawa, sai ya ɗaga hannu.

"Ni ba limami ba ne, ba fasto ba. Ka kai wa Allah wannan. Ka ba shanun ruwa."

Kada ku ɗauka daga ranar gari ya rungume ni. A shekara ta gaba mutum biyu ne suka kawo mini horo, a ta bayanta biyar. Akwai waɗanda har suka mutu ba su bar ni na taɓa igiyar akuyarsu ba, ban kuma riƙe su a zuciya ba. Takardun ofis kuwa ba su taɓa sauya ra'ayi a kaina ba. Ko da na tsufa aka so a sa ni cikin shugabannin ƙungiyar manoma, tambayar nan ce ta sake fitowa, aka ce in yi haƙuri. Amma da wannan fito na ciyar da ku, da shi Hadiza ta yi karatun da take taƙama da shi. Baba Nomau ya yi damina shida bayan wannan. Ran da aka binne shi a bayan gidansa bisa al'adarsu, na tsaya daga gefe tare da Bitrus, na rasa abin da zan yi wa mutumin da ya ƙi karɓar ko godiya. Da ruwan shuka ya sauka a shekarar, sai na ga ƙafafuna sun kora shanu sun tsallaka rafi. Ba wanda ya sa ni, Bitrus ma sau uku yana cewa in bari.

To Lawal, ka ji. Ba danginmu ba ne. Ni ƙafata ba ta kai ni hayin rafi yanzu, shanun a hannunka suke, ba zan kuma ɗaure ka da rantsuwa ba. Ka dai sani cewa da tsohon nan bai ratso gari da shanu biyu ba, da ba ka san fuskar ubanka ba.

Ke kuma Hadiza, ki daina kawar da kai in kina maganar aikinki a gabana. Ki kira sunana in kina so, ki ce ubanki ya saci sa, ya yi shekara uku. In kin shiga gaban manyan da ke rubuta doka, masu manyan riguna da manyan littattafai, ba sai kin yi dogon Turanci ba. Ki yi musu tambayar da mai san da kansa ya yi wa garinmu, ranar da aka rasa mai ba shi amsa. Alƙali ya ce uku, an yi ukun. Ko akwai saura da ba a gaya mana ba?